Ɗana yana karanta agogon waya, amma na bango ya gagare shi

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Babban ɗana shekararsa takwas, yana aji uku na firamare. Idan ya ɗauki wayata nan take zai faɗa mini lokaci, amma agogon bango ya gagare shi. Kwanan baya babansa ya tambaye shi ƙarfe nawa a gaban baƙi. Agogo yana nuna huɗu saura minti goma, shi kuwa ya ce "huɗu da goma". Baban ya daka masa tsawa, ya ce ƙanwarsa mai shekara shida ta fi shi kai. Tun daga ranar kullum da safe sai ya titsiye shi da tambaya, yaron kuma da ya ji an ambaci agogo sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Malamarsu ta rubuto a littafinsa cewa biyu ya ci cikin goma a gwajin agogo, a taimaka masa a gida, ga jarrabawa saura mako shida. Maigida ya ce waya ce ta lalata shi, a hana shi taɓa ta. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni kaina sai na tsaya na yi ƙirga kafin in karanta agogon bango, don haka ina tsoron in koya masa ba daidai ba. Ko dai yarona yana da matsala a ƙwaƙwalwa ne? Ta ina zan fara?

Wata uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki zuri'a, ya sanya musu albarka. Kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana bai nuna wata matsala a ƙwaƙwalwar yaron ba, kuma hujjata ita ce amsar nan da ta jawo masa tsawa. A huɗu saura minti goma, gajeren hannun agogo yana dab da lamba 4, dogon kuma yana kan lamba 10. Yaron ya dubi gajere ya ce huɗu, ya dubi dogo ya ce goma. Ke nan ya san hannun da ake fara dubawa, ya san mai bi masa, ya kuma karanta abin da idonsa ya gani daidai. Abu biyu ne ba su zauna masa ba tukuna. Na ɗaya, muddin gajere bai hau kan 4 ba, ƙarfe uku ake ciki. Na biyu, lamba 10 in dogo ne ya nuna ta, minti hamsin take nufi.

Agogo mai hannu yana da wuyar koyo fiye da yadda manya suke tunawa. Fuska ɗaya ce, amma ma'auni biyu aka ɗora mata: na awa mai gida 12, wanda aka rubuta lambobinsa, da na minti mai gida 60, wanda ba a rubuta ba, sai dai mutum ya riƙe a kansa. Lamba 3 uku ce ga gajeren hannu, goma sha biyar ce ga dogo, a baki kuma kwata ake ce mata. Ga shi duk lissafin da yaro ya koya tun aji ɗaya a kan goma-goma da ɗari-ɗari yake tafiya, sai rana ɗaya a ce masa a nan sittin ce cikon ƙirga. Sittin ɗin nan gado ce daga mutanen Babila na zamanin da, a ƙasar Iraƙi ta yau, raba yini gida 12 da dare gida 12 kuma daga Misirawan da aka samo shi. Yaro ba zai gano wannan da basirarsa kawai ba, sai an koya masa. Shi ya sa ƙasashen da suka tsara darasin dalla-dalla suke shimfiɗa shi a kan shekara uku. A Amurka, 'yan aji ɗaya awa cikakkiya da rabi kawai ake nema su iya, 'yan aji biyu minti biyar-biyar, sai a aji uku ake kaiwa ga minti ɗai-ɗai. A Ingila ma kusan haka ne, kuma duk da haka a 2018 jaridun ƙasar sun ruwaito cewa wasu makarantun sakandare suna sauya agogon ɗakin jarrabawa zuwa mai nuna lokaci da lambobi kawai irin na waya, saboda ɗalibai suna fama da mai hannu. Ɗanki yana tsakiyar hanya ne, daidai inda yara da yawa suke tuntuɓe.

Game da waya, akwai ƙamshin gaskiya a maganar maigida. Yaron da ya taso yana ganin 7:50 a rubuce bai taɓa samun dalilin wahalar da kansa a kan hannuwan agogo ba. Inda na saɓa masa shi ne batun hanawa, domin hana wayar ba zai koya wa yaron komai ba, kuma za ku rasa abin da zai riƙa duba amsarsa da shi. Ke ma kada saurin da yake yi wajen karanta ta ya ruɗe ki. Gwada shi cikin wasa: idan waya ta nuna 7:50, ki tambaye shi saura minti nawa takwas ta yi. In ya ce hamsin, to yana ɗauka minti ɗari ne a awa, wato lambobi yake karantawa, lokacin bai shiga ba tukuna. Agogo mai hannu ne ke gyara wannan, domin shi ke nuna wa ido abin da ya wuce na awa da abin da ya rage.

Ƙanwarsa kuwa, mai yiwuwa abin da ta iya shi ne biyu daidai, biyar daidai, wanda shi ne matakin shekarunta. Huɗu saura goma na cikin mafi wuyar abin da za a tambayi mai koyo. Ko da ma ta fi shi saurin kamawa, faɗin haka a gabansu yana karya masa gwiwa, yana kuma shuka abin da ba kwa so tsakanin wa da ƙanwa.

Maigidanki ba mugunta yake yi ba. Ya ji kunya a gaban baƙi, yana kuma tsoron kada babban ɗansa ya zama koma-baya, sai tsoron ya fito da siffar faɗa. Amma tambayar safiyar nan ita ce babban cikas yanzu. Karanta agogo yana buƙatar yaro ya riƙe abu uku a kansa lokaci guda, tsoro kuwa yana zubar da su, har wanda ya iya jiya ya ɓace masa yau. Ki sami baban shi kaɗai, a lokacin da ya huta, ba a gaban yara ba kuma ba da sigar tuhuma ba. Kina iya cewa: "Abban yara, na gano inda yaron nan ya maƙale, kuma ba abu ne mai yawa ba. Ina roƙon alfarma a ɗaga masa ƙafa mako uku ba tambaya, bayan nan ka gwada shi da kanka." Sannan ki ba shi nasa aikin, don kada ya ji an ware shi. Shi zai sayo agogon koyo. Shi zai riƙa faɗin lokaci a fili yana nunawa, ba tare da neman amsa ba: "Bakwai da rabi ta yi, ga gajere can tsakanin 7 da 8, bari in fita." In ya kasa daina tambayar gaba ɗaya, ya rage mata nauyi, ya ce "gajere yana gidan nawa?" kawai, ya bar yaron ya matsa kusa da agogon, ya kuma jira shi. In maganarki ba ta shiga ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa ko yayansa, su yi masa ita cikin hikima.

Sirrin da kika faɗa mini kuma kada ya dame ki. Manya da yawa haka suke tun da waya ta zama ruwan dare. Mai tsayawa ya ƙirga yakan fi iya koyarwa, domin yana ganin matakan da gwani ya daina lura yana bi. Ki bi abin da zan faɗa ke kaɗai dare biyu ko uku, da waya a gefe kina duba amsarki, za ki ga hannunki ya faɗa.

Kwana ukun farko kada a ambaci agogo a gidan. Ƙirga biyar-biyar za ku yi, daga 5 zuwa 60, domin ita ce ginshiƙin komai. Ki ƙirgo masa wake 60, ya jera su tsibi 12 a zagayen gefen babban faranti, kowane tsibi biyar, yana taɓawa yana faɗa: biyar, goma, sha biyar, ashirin. Ki kula da ƙaramin ƙanensa kada ya kai waken baki ko hanci. Haddar jeri daga farko ba ta wadatar ba, sai ya iya tashi daga tsakiya. Ki ce "talatin da biyar", ya ci gaba. Ki nuna tsibi na takwas, ya ce arba'in ba tare da ya koma farko ba, ko ya tashi daga talatin ya ƙarasa. In wannan bai zauna ba, ki ƙara masa kwanaki, gaggawa a nan asara ce.

Daga nan sai agogo mai hannu ɗaya, kuma a nan nake so ki fi daɗewa, mako guda cur. Ki kifa faranti a kan kwali ki zana da'ira ki yanke. Yaron ne zai rubuta lambobin da kansa: 12 a sama, 6 a ƙasa, 3 a dama, 9 a hagu, sannan ya cike biyu-biyu a tsakani. In ya fara daga 1 ya bi jeri, lambobin za su cunkushe a gefe ɗaya. Ki ja layi daga tsakiya zuwa kowace lamba, fuskar ta rabu gida 12, a cikin kowane gida ya rubuta sunansa. Filin da ke tsakanin 3 da 4 gidan uku ne, na tsakanin 12 da 1 gidan sha biyu ne. Ki yanko gajeren hannu guda ɗaya tak, ki ɗaure shi a tsakiya da zare da maɓalli yadda zai juya. Sai ki riƙa matsar da shi yana faɗa da kalmomi huɗu: uku daidai, uku ta ɗan gota, tsakiyar uku da huɗu, huɗu ta kusa amma har yanzu gidan uku ne. Ki fi maimaita na ƙarshen. Ki tuna masa da shekarunsa: ko saura mako ɗaya ya cika tara, in an tambaye shi takwas zai ce. Gidan sha biyu ma yana buƙatar kulawa, domin yara da yawa suna kiran sha biyu da rabi ɗaya da rabi. Abin da zai ba shi mamaki, ya kuma dawo masa da ƙarfin gwiwa, shi ne ganin cewa da wannan hannu ɗaya ma yana iya faɗin lokaci kusan daidai.

Mako na biyu ki cire gajere ki sa dogo, wanda tsininsa ya kai bakin da'irar. A wajen kowace lamba ya rubuta mintinta da wani launi daban: 05 a wajen 1, 10 a wajen 2, har 55 a wajen 11, da 00 a wajen 12. Ya rubuta 05 da sifirinsa, domin haka zai gan shi a waya. Ki riƙa cewa gajere da dogo kullum, ki bar babba da ƙarami, saboda a agogo da yawa gajeren ne ya fi kauri, sai yaro ya rasa wanne ne babban. Wannan matakin yakan yi sauri in ƙirgar wake ta zauna.

Mako na uku ne za a haɗa su, kuma a nan kwali ya gama aikinsa. Illar agogon kwali ita ce kowane hannu tafiyarsa yake yi shi kaɗai, sai babba ya zo nuna uku da rabi ya kai dogo kan 6 ya bar gajere a kan 3 cif. Wannan shi ne ainihin kuskuren da ake son cirewa, kuma har a allon aji ana zana shi haka. Abin da ya fi shi ne agogon bango na gaske, mai araha, a cire masa batir. A zaɓi mai farar fuska, wanda aka rubuta 1 zuwa 12 duka, mai ƙananan zanen minti a gefe, wanda tsawon hannuwansa ya bambanta sosai. A guji mai lambobin Romawa da na kwalliya marar lamba. Mai lambobin Larabci ma a ajiye shi tukuna, domin biyar ɗinsa kamar sifiri take, shidansa kuma kamar bakwai. In yana da siririn hannun sakan, mai gyaran agogo zai zare shi cikin minti ɗaya. Ki manna salatif na takarda a gefen gilashin, ya rubuta mintocin kamar yadda ya yi a kwali.

A bayan agogon akwai ɗan abin murɗawa da ake saita lokaci da shi. Ki ba yaron ya murɗa da hannunsa, gaba kawai, daga uku daidai zuwa huɗu daidai, ki ce ya zuba wa gajere ido. Zai ga yana rarrafawa a hankali, duk minti 12 yana matsawa ƙaramin zane ɗaya, har dogo ya gama zagaye shi kuma ya gama gida ɗaya. Ya maimaita da awanni daban-daban har ya iya faɗin inda gajere zai kasance kafin ya murɗa. Sannan ki ɗora shi a kan tambaya uku da ba sa sauya jeri: gajere yana gidan nawa? Dogo ya yi minti nawa daga 12? Haɗa su. A wannan makon komai da "da" za a faɗe shi, uku da minti ashirin, uku da minti hamsin. Kada "saura" ta shigo tukuna. Ki kuma ware lokaci ga wuraren da ke ruɗarwa: shida daidai da sha biyu da rabi suna kama da juna, haka ma lokacin da hannuwan suka hau juna, kamar ɗaya da minti biyar.

Rabi, kwata da saura na mako na huɗu ne. Ya yanko da'irar takarda ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya ɗora a fuskar agogon ya ga rabi 30 ne, kwata 15. Yaron da ya koyi cewa rabin ɗari hamsin ne, kwatarta 25, yakan kawo waɗannan lambobin nan, don haka ki saurari wannan kuskuren. Sannan ki shimfiɗa zare daga 12 zuwa 6. Ɓangaren dama na "da" ne, na hagu na "saura". Da dogo ya shiga hagu, abu biyu ke juyawa lokaci guda: ana ƙirga mintin da ya rage a kai 12, ana kuma kiran sunan awar da ke tafe. Ki nuna masa cewa lokaci ɗaya ne mai suna biyu, uku da hamsin shi ne huɗu saura goma. Ya fara faɗin na farkon da ya riga ya iya, sannan ya juya shi.

Sai bayan ya iya da Hausa za ki kawo Turancin littafinsu, domin akwai tarko a ciki. Mu awa muke fara faɗa sannan minti, kamar yadda waya take rubutawa. Turancin makaranta minti yake gabatarwa, ya ce "ten minutes to four", sai yaro ya ji goma da farko ya rubuta 10:04. Ki koya masa ya fara neman kalmar tsakiya. In "past" ce, "da" ke nan. In "to" ce, "saura" ke nan, awar da aka ambata ba ta yi ba tukuna.

Yanzu ga amfanin wayar. Ku rataye agogo mai aiki daidai tsayin idon yaron, ba can kusa da silin ba, ku saita shi daidai da waya. Ya karanta na bango, sannan ya duba waya ya ga ko ya dace, ta haka ba mutum ne ke ce masa ya yi kuskure ba. Ki nuna masa ɗigo biyun tsakiya: hagunsu awa, damansu minti, kuma minti kullum lamba biyu ne. Yara sukan rubuta 7:5, ko su rikita 7:05 da 7:50, don haka ya saita duka biyun a agogon koyo ya ga nisan da ke tsakaninsu. Wata rana ku zauna tare a 7:58 ku jira. Zai ga 59 ta koma 00, bakwai ta koma takwas, daidai lokacin da dogo ya hau 12. Wannan kallon na minti biyu ya fi dogon bayani wajen cire tunanin minti ɗari. Minti ɗai-ɗai kuma sauƙi ne a nan: ya ƙirga biyar-biyar zuwa lambar da dogo ya wuce, ya ƙarasa da ƙananan zane, ashirin, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu.

Batun a.m. da p.m. yana da nasa tarkon ga yaron Bahaushe. Ana yawan gaya wa yara cewa a.m. safe ne, p.m. yamma da dare, wannan kuwa rabin gaskiya ne. Takwas na dare p.m. ne, amma biyun dare a.m. ne, alhali mu duka dare muke ce musu. Ki koya masa iyakar kai tsaye: daga sha biyun dare zuwa sha biyun rana a.m., daga sha biyun rana zuwa sha biyun dare p.m. Sahur da asuba da tafiya makaranta suna ɓangaren farko, azahar, la'asar, magariba da isha suna na biyu. In wayarku tana kan tsarin awa 24, ki mayar da ita na 12 har ya gama koyo. Daga baya ki nuna masa cewa daga 13 zuwa sama 12 ake cirewa, 17:30 biyar da rabi na yamma ne, 00:20 kuma sha biyu da minti ashirin na dare. Zai buƙace shi, domin haka ake rubuta lokaci a tikitin jirgi da takardun banki, 'yan'uwanmu na Nijar ma da shi suka saba a rubuce.

In darasinsu ya kai ga lissafin tsawon lokaci, kada ki bar shi ya jera lambobi ya yi ɗebewa irin ta kullum. Daga 8:45 zuwa 9:10, wannan hanyar 65 za ta ba shi, alhali minti 25 ne. Ya riƙa tsallake zuwa cikar awa: daga 8:45 zuwa tara minti 15, daga tara zuwa 9:10 minti 10, a haɗa.

Duk wannan minti goma ne a rana, ba ƙari, kuma ki tsaya tun yana jin daɗi. Kada ki kama shi da zarar ya dawo daga makaranta da yunwa, ko yana shirin islamiyya. Bayan magariba ko bayan cin abinci ya fi. In ya yi kuskure kada ki ce "a'a", ki ce "nuna mini gidan da gajere yake", ya gano da kansa. A tsakanin darussa ki ba shi aikin da agogo ke da amfani a ciki: "In dogo ya kai 6 ka tuna mini in sauke tukunya", "In takwas saura kwata ta yi ka kira ƙanwarka." Ita ma ƙanwar a sa ta a wasan ba tare da gasa ba, shi ya saita mata awa cikakkiya ita ta faɗa, ya zama shi ne malami.

Malamarsu ta kyauta da ta sanar da ku da wuri. Ajin da ke cike da yara, darasin agogo kuma mako ɗaya ko biyu ne a zango, ba za ta iya zama da kowane yaro ba. Ki je ki same ta da godiya, ki roƙi ganin takardar gwajin. Kurakurai takwas ɗin nan mai yiwuwa iri ɗaya ne ko biyu suka yi ta maimaituwa, kuma su za su nuna miki inda za ki fi dagewa. Ki tambaye ta iyakar inda jarrabawar za ta kai, kalmomin Turancin da za ta yi amfani da su, da ko za a ce su zana hannuwa. In za a zana, ya saba da fara zana dogo har bakin da'ira, sannan gajere rabin tsawonsa, a wurin da ya dace a cikin gidansa. Yara da yawa suna rasa maki don sun zana hannuwa tsawo ɗaya. A makon ƙarshe ki fara ɓare salatif ɗin nan, ki bar 15, 30 da 45 na kwana biyu, sannan su ma su tafi, domin agogon takardar jarrabawa ba shi da su.

In hidimar gida ta hana ki zama kullum, ko kika ga yaron yana ɗaurewa a gabanki, ki damƙa wa wani mai sanyin hali, ɗan'uwa da ke sakandare ko malamin darasin gida, amma ki gindaya masa jerin matakan nan da sharaɗin ba duka ba tsawa. In kuɗin agogo na biyu bai samu ba, na gidan ya isa, a sauko da shi a cire batir na minti goma a mayar. Ranar da baban ya gwada shi ya ci, agogon hannu mai lambobi 1 zuwa 12 kyauta ce da ta dace ta fito daga hannun uban.

Abu biyu nake so ki sa wa ido. In yana karanta agogo a kusa amma ya kasa daga nesa, ko yana ƙanƙance ido, ko malama ta ce yana matsowa gaban allo, a kai shi a auna idonsa. In kuma bayan mako shida na koyo cikin natsuwa ƙirga biyar-biyar ta ƙi zama, kika kuma lura yana fama da canjin kuɗi, da gane wace lamba ta fi wata, da jerin ranakun mako, to ki zauna da malamar da shugaban makaranta, a nemi likitan yara ya duba shi. Akwai yaran da lambobi ke yi wa wuya ta musamman alhali basirarsu lafiya lau, kuma suna koyo in an rage musu sauri an yawaita abin taɓawa da hannu. Abin da kika rubuto bai nuna ɗanki yana cikinsu ba.

In jarrabawa ta zo "saura" ba ta gama zama ba, ki ce masa ya fara amsa waɗanda ya tabbatar, na awa cikakkiya, rabi da biyar-biyar, sauran kuma ya bi tambayoyinsa uku ya rubuta da lambobi in an yarda. Ki sanar da baban tun kafin sakamako ya fito inda aka kai da abin da ya rage, ku ƙarasa ragowar a hutu.